Inda Adda Take Zama Ranar Husufi

Kafin rasuwar Adda na yi imani da cewa ni ba ni da uwar da zan rasa. Ban riƙe wannan da ɗaci ba; na riƙe shi ne kamar yadda mutum yake sanin tsawonsa. Ita ta haife ni, ni ne ɗanta na fari, kuma mu Fulani ne da suka bar daji amma ba su bar kunya ba. Saboda haka, a shekara hamsin da na yi a duniya, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa miƙo mini abu hannu da hannu ba, kuma iyakar sanina ba ta taɓa duban fuskata ba. Da aka yaye ni aka kai ni Konduga wurin mahaifiyarta, wadda muke kira Kaka. Can na tashi cikin ƙannen mahaifiyata, na ji suna ce mata Adda, wato babbar yaya, ni ma na bi bakinsu. Ranar da Kaka ta rasu na yi kukan maraya, na ɗauka na yi nawa maraicin na gama.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Adda ta cika da hantsi a gidanta na Gomari, aka kai ta bayan la'asar. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, mutane suka fara zuwa, kuma a zaman nan na ga yadda gari ya ɗauke ni. Masu ta'aziyya sukan fara da ƙannena maza, su riƙe hannunsu su daɗe, su ce, "Allah ya jiƙan Inna, Allah ya ba ku haƙurin rashin uwa." In sun iso kaina sai su ɗan yi jim. Wani dattijo daga kasuwar shanu, wanda ya san gidanmu tun mahaifina yana raye, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, ya haƙuri? An yi rashin yaya." Ban gyara masa ba. Abokan aikina daga makarantar da nake koyar da ilimin ƙasa su ne kaɗai suka ce mini "mahaifiyarka", ni kuwa na ji kamar ina karɓar gaisuwar wani da bai samu zuwa ba.

Kawu, ƙanen Adda, dillalin shanu ne da ba ya iya rufe baki ko a makabarta, kuma da shi na yi ƙuruciya a Konduga. Yana gefena a kan tabarma, ya karkato ya ce a hankali, "Ka ga amfanin furfura. Yau ka zama ɗan'uwana na ciki ɗaya, ba tare da shaida ba." Ya yi 'yar dariya, sai kuma ya rufe fuska da hannun riga, ya daɗe bai buɗe ba.

Da na shiga cikin gida gaida mata, tsohuwar maƙwabciyar Adda ta tare ni a bakin zaure. Babarbariya ce, sun shekara da shekaru katanga ɗaya tana raba su, kuma ban taɓa jin sun gaisa ba tare da wasan nan na Fulani da Barebari ba. Idonta ya kumbura.

"Wushe, ɗana," ta ce. "Fulata ta gudu ta bar ni. Yanzu wa zan zaga da safe?"

Na ce, "Sai haƙuri, Iya."

"Kai ne mai kawo labarin rana, ko? Ka san na daɗe ina zaton ƙanenta ne kai? Na tsare ta na ce, wannan mai zuwa ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai karɓar saƙo, waye shi? Ta ce yaron Kaka ne. Na ce yaron Kaka ba shi da uwa? Ta tashi ta shiga ɗaki. Kunyar banza irin taku." Ta share hanci da gefen lafayarta. "Allah ya jiƙanta. Ta iya ajiye magana har ta ruɓe."

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da ita, kuma don ni kaina ban gama saninta ba.

Doguwa ce, siririya, ba ta ɗaga murya. Hausarta har ta koma ga Allah tana da karin Fulatanci, amma in ta shiga kasuwa da Barbarci take ciniki, ta dawo tana kwaikwayon mai kifi har maƙwabciyar ta jefe ta da mafici. A daji aka haife ta, wajen Tafkin Cadi. Babban farin da ya kashe dabbobi a shekarun da aka haife ni shi ya kawo su gari. Mazan gidan suka koma dillancin shanun wasu, matan suka koyi zama cikin katanga. Ba ta taɓa cewa tana kewar daji ba. Amma duk lokacin da motar shanu ta wuce a titi takan dakata da abin da take yi har ƙarar ta ɓace. Idonta kuwa bai taɓa gajiya ba: har bara 'yan matan unguwa suna kawo mata allura ta zura musu zare.

Ni da ita muna da hanyarmu ta magana, kuma duk gidan ya saba. In na zo nakan tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta in gaishe ta, ita kuma ta amsa tana duban bango, ko tana duban kaji. Ba ta cewa in ci abinci. Takan ce wa iska, "Ko akwai wanda bai ci komai ba a gidan nan?" Sai in waiwaya in ga kwanon fura a kan turmi, ludayi a kife a kai, ita kuma ta riga ta juya baya. In magana mai nauyi ce, ta bakin Auta take biyowa, wato ƙanwarmu ta ƙarshe, wadda ta zauna tare da ita har ƙarshen rayuwarta. Lokacin da rikici ya yi tsanani na mai da matata da yara Kano, suka kama makaranta a can, zama ya ɗore, na rage ni kaɗai a gidana na Jiddari Polo. Tun daga lokacin kowace Juma'a ɗan kwanon man shanu da dambu yakan iso mini, a ce daga Auta. Auta ba ta iya dambu ba, kowa ya sani.

Don haka ba zan ce an tauye ni ba. Hakkina bai taɓa makara ba. Abin da ban sani ba, kuma na hana kaina tambaya, shi ne ko akwai wani abu a bayan hakkin. Na ga yadda take kama kunnen ƙannena, ta zage su, ta tofa musu addu'a a ka, ta ce da wannan ya rame, wancan ya yi aski marar kyau. Ni ko ramewa na yi ko ƙiba, ban san yadda za a yi ta sani ba.

Abu ɗaya ne ya haɗa mu a wuri guda, shi ne husufin rana, wanda ita take kira zazzaɓin rana.

Tana da baƙin akushi na mahaifinta, shi kaɗai ya rage daga kayan ruga. Ba a cin abinci a cikinsa. Yana kife a saman randa shekara da shekaru, ba a sauke shi sai ranar husufi. Takan wanke shi, ta cika shi da ruwa, ta ajiye a tsakar gida, ta jira ruwan ya kwanta. A cikin baƙin itacen nan ruwa yakan zama madubi, mutum ya ga rana a ciki ba tare da ya ɗaga kai sama ba. Haka ta ga an yi tana ƙarama, kuma labarin wancan husufin na farko shi ne labari mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinta. Ta ce da rana tsaka duhu ya sauko, sanyi ya taso daga tafki, shanu suka juyo gida da kansu suka kwanta a wurin kwanansu, maruƙa suna kuka. Ta ce ta ga tauraro. Maza suka yi sahu suna salla, Kaka ta tara yara a bakin akushi ta ce kada wanda ya ɗaga kai. "Da rana ta dawo," in ji ta, "zakara ya yi cara, shanu suka tashi suna duban mutane, kamar mu muka yi musu ƙarya." Ba ni take ba labarin ba. Ƙannena take ba, ni ina bayan ƙofa.

Na fara zama a bakin akushin ina ɗan shekara shida ko bakwai. Kaka ta kawo ni gari ganin gida tare da Kawu, aka wayi gari hasken safiya ya yi wani iri, kamar an tace shi. Mahaifina da Kawu suka tafi masallaci. Adda, da goyo a bayanta, ta sauke akushi. Ba ta kira ni ba. Ta nuna ƙasa da haɓa, ta ce, "A zauna." Kaka ta tura ni, na tsuguna a wurin da aka nuna, ita kuma ta zauna a ɗaya gefen, ta ɗan karkata don kada inuwarta ta rufe ruwan. Na leƙa, na ga rana ƙarama tana rawa, an gutsure mata gefe. "Kallo kaɗan, a kau da ido," ta ce wa akushin. Na kalla, na kau da ido, na sake kalla. Har yau ina tuna ƙamshin man shanu a jikinta, domin ban taɓa kusantarta haka ba. Da na koma Konduga na cika Kawu da labarin rana mai gutsure, ban ce masa komai game da ƙamshin ba.

Wataƙila daga nan na kama son sararin sama. Da na yi karatu na san lissafin husufi, na san ana sanin ranarsa tun shekaru kafin ya zo, kuma wannan ya ba ni muƙami a wurin Adda. Lokaci-lokaci Auta takan ce, "Yaya, Inna ta ce a tambayi yaron Kaka, yaushe rana za ta sake zazzaɓi?" In faɗa, a kai mata, ta ce, "Allah ya kai mu." Ita ce tambaya ɗaya da ta taɓa nema daga ilimina.

A kan haka kuma muka yi saɓaninmu, shi kaɗai. Shekarar da aka yi babban husufin nan na hantsi, wanda rediyo ya yi ta sanarwa, na zo da tabarau na kwali da aka yi musamman don kallon rana. Na tarar an riga an sauke akushi, Kawu da maƙwabciyar suna tsakar gida.

"Ga boko ya iso da maganin rana," in ji Kawu.

Na ce wa Auta, "Ki gaya wa Adda ruwa ba ya kashe kaifin rana. Tana ƙona ido ba tare da mutum ya ji zafi ba. Kada a bar yara su leƙa."

Adda ta ce wa Auta, "Ki ce wa yaron Kaka akushin nan ya girme shi."

"Ki ce mata tsufan akushi ba ya hana makanta."

"Ki ce masa wa ya makance?"

Auta ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Ni fa na gaji. Ga ku nan kuna jin numfashin juna, kun mai da ni tarho."

Maƙwabciyar ta karɓi tabarau ɗaya ta manna wa Adda a fuska. "Fulata, daina gardama, duba abin da ɗan mutane ya kawo." Adda ta ɗaga kai sama, ta daɗe, sannan ta juya kanta hagu da dama kamar mai neman wani abu. Ta cire.

"Wannan ba ya nuna komai sai rana," ta ce.

"To me kike so ya nuna miki, Adda?" in ji Kawu. "Shanun mahaifinmu?"

"Duhu ne kawai, da rana a ciki. Babu kowa."

Ta yarda yara su yi amfani da tabarau, ba ta sake musu a kan wannan ba. Amma ta koma bakin akushinta ta zauna, ta nuna ƙasa da haɓa. "A zauna." Ina da shekara talatin da wani abu, ina da 'ya'ya, na tsuguna. Na bar tabarau a fuskata don in nuna ban sauka daga maganata ba. Ta ce wa kajin da suka fara taruwa a bakin akurki, "Mai kwali a fuska ya cire, yana tsorata dabbobi." Na cire, na kafa idona a gefen akushin, ina satar kallon ranar ina kau da kai. Hasken ya dushe, iska ta yi sanyi, ƙarƙashin dalbejiya ya cika da ƙananan jinjirin wata na haske a kan ƙasa, yara suna tsalle suna taka su. Daga masallaci ana jin liman yana ja da doguwar sura. Na tashi na bi sahu da fushi a raina, na yi makonni ban zo Gomari ba. Har yau ina kan bakana cewa kallon rana a ruwa haɗari ne, kuma ba na ba kowa shawarar yin sa.

Husufin da ya fi zauna mini shi ne na shekarun tsoro, lokacin da aka katse layukan waya, aka hana babur, gari yakan mutu tun kafin magariba. Ba ni da hanyar sanar da ita, don haka na tafi da kaina. Na ratsa shingayen bincike, ina sauka daga keke ina ɗaga hannu, wani wurin ina tafiya a ƙasa. Bayan azahar na isa. Ƙannena maza duk sun bar gari, Kawu yana can kudu da shanu, gidan da yake cika da yara babu kowa sai ita da Auta. Na gaishe ta, na ce wa Auta yau rana za ta yi zazzaɓi kafin la'asar. Adda ta miƙe. Ta sauke akushi.

A wannan karon babu mai tsalle a ƙarƙashin itace, babu mai wasa. Jirgin yaƙi ya tashi daga filin jirgi, ruwan ya girgiza, muka jira ya kwanta. Muka zauna, ni da ita, akushi a tsakani, muka daɗe fiye da kowane lokaci. Can ta yi magana, kanta a sunkuye.

"Wani ya yi furfura," ta ce.

Na ɗauka da Kawu take, ko da kanta, ko da garin. Na ce, "Haka ne, Adda." Na tashi da wuri saboda dokar hana fita.

Bayan wannan an yi wani da damina, da safe. Na zo, hadari ya rufe sama ruf, babu alamar rana. Duk da haka ta zuba ruwa ta ce a zauna, ko gajimaren zai yaye. Bai yaye ba. Muka zauna har yayyafi ya fara ɗiga a cikin akushin.

Ciwonta na ƙarshe bai daɗe ba. Nakan zo kullum bayan aiki in zauna a bakin ƙofa, tana kwance fuskarta na duban bango, ƙannena suna kewaye da ita, wannan yana riƙe hannunta, wancan yana ba ta ruwa. Ni ban san inda zan sa hannuna ba. Wata rana da yamma, ɗakin babu kowa sai Auta, na ji muryarta ta yi ƙasa sosai.

"A tambayi yaron Kaka, yaushe rana za ta sake zazzaɓi?"

Auta ba ta maimaita ba, ta dai dube ni. Na ce, "Sai nan da 'yan shekaru, Adda, in Allah ya kai mu."

Sannan ta ce, "Da nisa."

Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Bayan an watse daga zaman makoki, mata suka fito da kayanta tsakar gida don a raba wa dangi: zannuwa, ƙwarya, carbi, tabarmar salla. Auta ta sauke akushin, ta goge shi da gefen mayafinta, ta ajiye a gabana.

"Wannan na Yaya ne."

Na ce, "Ni da na yi faɗa da shi? Ki ba wanda zai riƙa tunawa da ita yana kallon husufi a ciki."

"Ai ita, iyakar sanina, ba ta taɓa ganin husufi a cikinsa ba."

Na ce ban gane ba.

"Ka tuna ranar da ka zo lokacin babu waya? Da ka tafi, rana ba ta gama warkewa ba, na ce bari ni ma in gani. Na zauna daidai inda Inna ta tashi. Na leƙa, na karkata, babu rana. Sai katanga, da sama, da wurin da ka zauna. Na ce, Inna, daga nan ai ba a ganin komai. Ta ce in tashi in zubar da ruwan, kaji za su sha."

Abin da Auta ta faɗa ba sabon ilimi ba ne. Duk wanda ya taɓa riƙe madubi ya san shi. Mai son ganin rana a cikin ruwa dole ya fuskanci rana. Wanda ya ba ta baya ba zai gan ta ba. Abin da ke gabansa zai gani. Na zauna ina jera husufan a raina. A na safe, tana zaune ta gabas, ta wajen ɗakin girki. A na bayan azahar ta bar wannan wurin, ta koma ta wajen randa, yamma da akushin. Kullum rana tana bayanta, kullum ni ina gabanta, hasken yana kan fuskata.

Washegari da hantsi na roƙi Auta ta cika akushin. Na zaunar da ita a wurina, na ce kada ta dubi ranar, ta dubi gefen itacen kawai. Ni kuma na zauna a wurin Adda, na ɗan karkata kamar yadda take yi. Da ruwan ya kwanta sai ga fuskar ƙanwata a ciki, tar, har da gashin idonta, har da ɗan tabon da ke haɓarta wanda na manta da shi. Kaina a sunkuye yake. Duk wanda ya shigo gidan a lokacin zai rantse ruwa nake kallo.

"Kana ganina?" ta ce.

Na ce, "Ina ganinki."

"Ni ba na ganin komai sai walƙiya."

Ni mutum ne da ba ya saurin yarda da abin da yake so ya zama gaskiya, saboda haka na nemi wata fassara. Wataƙila idonta take karewa, ta fi ni sanin haɗarin da nake yi mata wa'azi a kai. Wataƙila sabo ne kawai. Na je wurin Kawu a kasuwa, na same shi zaune a kan benci cikin ƙura da kukan shanu, na faɗa masa duk abin da na gani.

Ya daɗe yana wasa da sandarsa. "Kada ka tambaye ni abin da ita ba ta faɗa ba," ya ce. "Abin da na gani da idona zan gaya maka. Shekarar fari an yi zazzaɓin rana, muna hanya, shanu suna faɗuwa. Tana ɗauke da cikinka. Kaka ta ce mai ciki ba ta kallo, ta zaunar da ita a bakin akushi, bayanta ga rana. Tun daga nan haka take zama."

Na ce, "Ka ga sabo ne ke nan."

"Sabo ne," in ji shi. "Yara nawa ta haifa bayanka? Wa ka taɓa ji an ce wa a zauna?" Ya miƙe don wani mai saye ya iso, ya waiwayo. "Kai dai da ka yi boko, komai sai an kawo maka shaidu. Tafi gida, ɗan Adda."

Ban taɓa jin ya kira ni haka ba.

Ban samu tabbaci ba, kuma wadda za ta ba ni ta tafi. Ko tana nan ma ba za ta faɗa ba. Abin da nake da shi kaɗan ne: zama huɗu a bakin akushi cikin shekara hamsin, da magana ɗaya game da furfura, wadda na amsa kamar ba da ni ake ba. A shekarar da ta yi maganar ne furfura ta fara fito mini a gefen kai. Matata ma ba ta lura ba sai da na je Kano.

Ya Allah, ga baiwarka ta zo maka da kunyarta. Ka yafe mata, ka yalwata kabarinta, ka haɗa ta da Kaka da mahaifina a inuwar da rana ba ta ƙuna. Waɗanda suka zo suka zauna da mu, da waɗanda suka aiko, Allah ya ba kowa lada.

Akushin yana gidana a Jiddari Polo, a kife a saman kabad. Na san shekarar da husufi zai dawo, na san watan, amma babu wanda ya sake tambayata. Ranar Juma'a babu kwanon da yake isowa. Shekara hamsin ina ce mata Adda. Yanzu in na ɗaga hannu bayan salla, Inna nake cewa, kuma ba ta nan balle ta kau da kai.